Ajiye mota lokacin ƙanƙara ba tare da taya ta lotsa ba: tambayoyi da amsoshi

Da zarar Nuwamba ta kama, 'yan'uwanmu mazauna Kanada da arewacin Amurka da Turai sukan fara ɗaure kaya. Wani zai tafi Kano ko Maraɗi ya yi wata biyu ko uku, ya bar wa masu ƙasa ƙanƙararsu. Wani kuma ba inda za shi, sai dai mota biyu gare shi, yana so ya killace mai kyan saboda gishirin da ake watsa wa titi, wanda ke cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Ni a Winifeg nake zaune, a lardin Manitoba, inda sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan taya idan za a ajiye mota.

Malam, wai me ake nufi da taya ta lotsa? Ai ba faci ta yi ba.

Ba faci ba ne, iskarta ma tana iya kasancewa a ciki. Abin da ke faruwa shi ne, duk nauyin mota yana kan wurare huɗu ne, kowanne bai fi faɗin tafin hannunka ba. Motar da ta kai tan ɗaya da rabi, kowace taya tana ɗauke da kusan kilo 375. Muddin mota na tafiya, nauyin yana zagaya tayar, babu gefen da ya daɗe a ƙasa. Idan ta tsaya, gefe ɗaya ne ke shan dakon dare da rana.

Cikin taya ba roba kaɗai ba ce. Akwai wayoyin ƙarfe, akwai zaruruwa, kuma tayoyi da yawa suna da shimfiɗar zaren nailan a ƙarƙashin fatar da ke taka kwalta. Shi nailan idan ya ɗumama yana laushi, idan ya huce sai ya riƙe siffar da ya huce a cikinta. Ka dawo daga doguwar tafiya taya da zafi, ka faka a kan daɓen siminti mai sanyin ƙanƙara, gefen da ke ƙasa ya huce a baje, sai ya zauna a haka. Kamar katifar soso ce da aka ɗora wa akwatin ƙarfe aka manta: ka ɗauke akwatin, gurbinsa yana nan. Wani gurbin ya ciko da kansa, wani kuma ya zauna ke nan.

Yaya zan gane tawa ta lotsa?

Da ido da ƙyar ka gani. A jikinka za ka ji. Shekarar da na fara barin motata, na tafi gida bikin ƙanwata na yi wata uku. Ban ƙara iska ba, ban yi komai ba, na rufe gareji na kama hanyar filin jirgi. Da na dawo ƙarshen Fabrairu na sa mata batir, na fito da ita. Tun ina cikin unguwa na fara jin wani bugu daga ƙasa, dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da na hau babban titi na kai kilomita 80 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, madubin tsakiya yana karkarwa har ba na iya ganin motar da ke bayana. Hankalina ya tashi, na ɗauka wata ƙafar ce za ta fita. Na gangara gefen titi na sa geji, sai na tarar kowace taya ta yi ƙasa da iskar da aka ƙayyade mata da wajen psi 9 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya).

Alamar ke nan: bugu mai bin saurin mota, kana ƙara gudu yana ƙara sauri. Idan tayoyin gaba ne, a sitiyari za ka fi ji. Idan na baya ne, a kujera da ƙasan mota.

Yana tafiya da kansa, ko sai na sayi sababbin tayoyi?

Kada ka yi gaggawar zuwa shago. Mafi yawan lotsawa ta wucin gadi ce. Ka cika iskar daidai, ka hau babban titi ka yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 ba tsayawa, tayar ta ɗumama, sai ka ji bugun yana raguwa har ya ɓace. Tawa haka ta yi, kafin in kai gidan abokina a ɗaya gefen gari ta lafa, bayan kwana biyu babu alamarta.

Wadda ke zama dindindin ita ce ta motar da ta yi watanni da yawa a tsaye, iska ta yi ƙasa sosai, ga kaya a but, ga sanyi. Idan ka yi mako guda kana hawa kullum, bugun bai ragu ba, to ka kai wa masu taya su ɗora ta a na'ura. Amma ka kiyaye abu ɗaya: kada ka bari a yi mata balansin tana lotse. In aka manna dalma a kan tayar da ba ta koma da'irarta ba, ranar da ta koma, dalmar ce za ta zama sabuwar matsala. Ka kai ta da ɗuminta, daga titi kai tsaye, su ɗaga ta nan take.

Akwai kuma wata lotsawar daban da ba ruwanta da ajiya: wadda mutum ya taka burki da ƙarfi taya ta kafe ta ja a kan kwalta. Wannan robar ce ta cinye a wuri ɗaya, ba ta dawowa. Sai canji.

To iska nawa zan sa kafin in tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Bari in tsaya a kanta.

Akwai lambobi biyu da ya kamata ka sani. Ta farko tana kan wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma a bayan murfin tanki. Ita ce iskar da kamfanin motar ya ce a yi tuƙi da ita, galibi tsakanin psi 30 da 35 a ƙananan motoci, wato wajen 2.1 zuwa 2.4 a ma'aunin "bar" da mazauna Turai ke aunawa da shi. Ta biyu tana rubuce a gefen tayar kanta, ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, yawanci 44 ko 51. Ta farko ta tuƙi ce. Ta biyu katanga ce, ba a tsallake ta.

Yanzu ka duba lissafin abin da sanyi ke yi. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos yana rage wa taya kusan psi 1, saboda iska tana tsukewa idan ta yi sanyi. Ban da wannan, ko lafiyayyar taya tana tsiyayar da kamar psi 1 a wata ta jikin robar, wata ma fiye. A ce ka sa 33 a farkon Nuwamba ana digiri 10. A Janairu garejinka da ba shi da na'urar ɗumama ɗaki ya sauka zuwa 20 ƙasa da sifiri. Tazarar digiri 30 ke nan, ta ci maka psi 5 zuwa 6. Ka ƙara tsiyayar wata uku. Ka ga tayar da ka bari a 33 ta koma wajen 24, kuma a wannan halin take ɗauke da mota dare da rana. Iska tana raguwa, gefen da ke ƙasa yana ƙara bajewa, zaruruwan ciki suna ƙara lanƙwashewa.

Saboda haka nake ƙara psi 8 zuwa 10 a kan ta ƙofa. Motata 33 take so, gefen tayar an rubuta 51, sai in sa 42. Idan tayarka 44 ce iyakarta, ka tsaya a 40 ko ƙasa kaɗan. Ka auna da tayar a huce, ba bayan tafiya ba, domin taya mai zafi takan nuna fiye da gaskiyarta. Kuma ka sayi gejinka na kanka, ba shi da tsada. Na gidajen mai ya sha wahala a hannun jama'a, ba kowanne ke faɗin gaskiya ba.

Kada garin neman gira a rasa ido: na ga wanda ya ɗura 60 don wai zai daɗe. Wannan ba dabara ba ce, haɗari ne, musamman ga tsohuwar taya mai tsattsagewa a gefe.

Sannan ka rubuta a takarda cewa iskar ta wuce ƙa'ida, ka manna a sitiyari. Bayan wata uku mutum kan manta.

Ba gara in ɗaga motar gaba ɗaya a kan jak ba?

Idan taya ba ta taɓa ƙasa, ba ta lotsawa, wannan gaskiya ne. Amma ga tafiyar wata biyu zuwa huɗu, ni ban ga buƙatarsa ba in dai ka cika iska. Wanda zai bar mota wata shida ko shekara, shi ne ya kamata ya yi tunanin ɗagawa.

In za ka yi, ba jak ɗin da ke but ba, wanda ake canza taya da shi a gefen titi. Wancan na minti goma ne. Haka ma jak mai mai, a hankali yake sauka ba ka sani ba. Ana ɗaga motar da jak ne, a zaunar da ita a kan turakun ƙarfe huɗu da aka yi don wannan aikin, a daidai wuraren da littafin motar ya nuna, a kan daɓe mai ƙwari da ba shi da gangare. Ban yarda da bulo ba. A gida mun saba ganin mota a kan bulo a garejin bakanike, amma bulo yana farfashewa ba sallama.

Akwai kuma abin da ɗagawar ke jawowa. Ƙafafun suna rataye tsawon watanni, robobin da ke gaɓoɓinsu suna murɗe, sandar shokazoba tana waje inda tsatsa za ta iya kama ta. Shi ya sa wasu kan rage wa tayar nauyi kawai, ba su raba ta da ƙasa ba. Motocin da ƙafarsu ke kan jakar iska, irin wasu Mercedes da Range Rover, sai ka karanta littafinsu kafin ka ɗaga, don suna da nasu tsarin. Ga kuma abin da na fi tunani: motar da ke kan turaku ba ta fita da gaggawa. In wani abu ya faru a gidan, Allah ya kiyaye, babu mai iya tura ta waje.

Na bar wa maƙwabcina makulli ya riƙa tayar da ita minti goma duk mako. Ya isa?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a cikinmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Tayar da inji a tsaye ba ya juya taya ko da taƙi ɗaya, saboda haka bai taɓa matsalar ba. Ya kuma ƙara wata: inji mai sanyi yana fitar da tururin ruwa, minti goma ba su isa su ƙone shi ba, sai ya taru a salansa da cikin baƙin mai. Batir ma abin da ya kashe wajen tayarwa a cikin sanyi ba lallai ya mayar da shi a wannan ɗan lokacin ba. Mafi muni, in ya tayar da ita a rufaffen gareji, hayaƙin yana da iskar guba marar wari da ke kisa, kuma tana shiga cikin gida in garejin a manne yake da ɗakuna.

In maƙwabcin mai amana ne kuma inshorarka ta ba shi damar tuƙawa, ya fita da ita duk mako biyu ko uku ya yi tafiyar rabin awa a ranar da titi ya bushe. In ba haka ba, ya sa ta a furi ya tura ta gaba ko baya kamar taku biyu, wani gefen tayar ya karɓi nauyin. Ka yi wa kowace taya alama da alli a inda ta taɓa ƙasa, don ya gane ta juya. In babu ko ɗaya, gara a bar ta ta kwana lafiya, a sa wa batir ɗin ƙaramar cajar nan mai kula da shi a hankali.

Hambirki fa, in ja shi?

A'a. Bayan watanni cikin danshi, takalman burki sukan manne wa faifai ko ganga saboda tsatsa. Ka bar atomatik a P, mai giyar hannu kuma a giya ɗaya, ka sa waigi gaba da bayan taya. Guntun katako ya wadatar.

Wane irin ƙasa ya fi dacewa? Wani ya ce in shimfiɗa kafet.

Busasshen wuri mai tsabta, wanda ba shi da gangare. Abin da ya fi cutar da roba a daɓen gareji shi ne ɗigon baƙin mai da fetur, sai ka share kafin ka faka. Kafet ko falankin katako ko tabarmar roba suna raba tayar da sanyin siminti da danshinsa, ba laifi, amma kada ka ɗora musu dogon buri. Shimfiɗa a baje take, tayar ma a baje za ta zauna a kanta.

Abin da ya fi su aiki shi ne matashin taya, wani abu mai lanƙwasa kamar kwarya da ake hawa da mota a kansa, ya rungumi ƙasan tayar, nauyin ya bazu a wuri mai faɗi. Masu tsofaffin motocin ado da motocin gudu suna amfani da shi sosai. Ga motar zuwa aiki, iska ta wadatar.

Kada a faka a kan ciyawa ko turɓaya. In ƙanƙara ta narke a Maris, tayar tana zaune cikin taɓo, da dare ya sake daskarewa a kewayenta. Kuma ka sauke kaya daga but, kowane kilo yana kan tayar ne.

Duk tayoyi ɗaya ne a wannan?

Ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka fi saurin lotsawa su ne masu faɗi masu gajeren gefe, da waɗanda aka yi don gudu sosai, masu harafin V ko W ko Y a gefensu, domin su ne suka fi shimfiɗar nailan. Motoci masu nauyi ma haka, har da na lantarki da batirinsu ke ƙara musu kiloli da yawa.

Akwai wani gargaɗi ga masu tayar bazara zalla, irin ta motocin gudu. Robarta tana ƙandarewa cikin sanyi, kuma idan sanyin ya kai wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, motsa motar ma kaɗai yana iya tsattsaga fatar tayar. Irin wannan, shawarar turawa duk mako biyu ba ta shafe ta ba a gareji marar ɗumi. A bar ta har gari ya sassauta, ko a cire ta tun kafin sanyi a shigar da ita cikin gida.

Mai shagon taya ya ce in sa naitirojin.

Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Tsantsarsa yana ɗan rage tsiyaya, amma shi ma yana tsukewa a sanyi. In kyauta ne, karɓi. In da kuɗi, gara ka sayi geji da ƙaramin famfo.

Yaya, ni ba motar zan ajiye ba. A Kebek nake, na cire tayoyin bazara na sa na ƙanƙara. Yaya zan adana waɗanda na cire?

Kin yi daidai, tunda a lardinku doka ce a sa tayar ƙanƙara daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ki wanke su da ruwa da sabulu, su bushe sarai, ki rubuta da alli inda kowacce ta fito, gaba dama, baya hagu, don a san yadda za a juya su in za a mayar. Ki sa kowacce a babbar leda, ki matse iskar ki ɗaure.

In suna kan wilinsu, ki kwantar da su ɗaya bisa ɗaya ko ki rataye su. In roba ce zalla babu wili, ki tsayar da su a jere kamar littattafai, kina ɗan juya su sau ɗaya a wata, kuma kada ki rataye su don suna miƙewa. Ɗakin ƙasa mai sanyi-sanyi da duhu ya fi baranda. Sai dai ki nisanta su da tukunyar ɗumama gida da duk wani injin lantarki mai juyawa, domin suna fitar da iskar ozon da ke tsufar da roba.

Ina da mota a gida Kano da ba a hawa sai na zo. Ita ma tana lotsawa, ko sai a ƙasar ƙanƙara?

Tana yi. Sanyin hunturunmu bai kai ya tsuke iska sosai ba, amma wata goma sha ɗaya a tsaye ya fi ƙarfin kowace taya. Tsiyayar wata-wata kaɗai ta isa ta rage mata iska sosai, kuma tayar da ta zauna a kan wili har gefenta ya naɗe, ko mai faci ya cika ta ta miƙe, zaruruwan ciki sun riga sun ji rauni. Ga rana kuma, wadda ke busar da roba ta tsattsaga ta. A sa ta a inuwa ko a rufe tayoyin, a ba wani ƙane amintacce kuɗin mai ya riƙa zagayawa da ita yana duba iska.

Kafin ka ɗauki iyali zuwa Kaduna ko Zinder a irin wannan motar, duba shekarun tayar. A gefenta akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Daga shekara shida a riƙa sa mata ido sosai, ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Tayar Beljiyam da ake saya a kasuwa sau da yawa ta riga ta ci rabin wannan wa'adin kafin ta iso.

Ranar da zan ajiye ta, da ranar da na dawo, me zan yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka ware yini guda kafin jirginka. Ka kai ta wanki, a fesa wa ƙarƙashinta da cikin ƙafafun ruwa don gishiri ya fita, ka zagaya har burki ya bushe. Ka faka ta inda za ta zauna, ka bar tayoyin su huce awa uku, sannan ka auna ka ƙara iska da famfonka, ka tabbatar kowane bawul yana da murfinsa. In a titi kake fakawa, nemi wani wurin: garuruwa da yawa suna hana ajiye mota a titi lokacin kwashe ƙanƙara, kuma janye ta za a yi ba ka nan. Mazauna Ingila da ke son dakatar da harajin mota suna cike takardar SORN, amma sharaɗinta motar ta bar titin gwamnati gaba ɗaya.

Ranar dawowa, kafin ka murɗa makulli, ka zagaya da tocila. Ka duba gefen kowace taya ko akwai tsaga ko kumburi, ka leƙa ƙarƙashin bonet don ɓeraye suna son ɗumin wurin kuma suna cin waya. Ka auna iska, ka mayar da ita daidai da lambar ƙofa, ko ragewa ko ƙarawa, har da safaya. Ka cire waigi. Ka fita a hankali, ka taka burki sau da dama a cikin unguwa don tsatsar faifai ta goge, sannan ka hau babban titi. In ka ji bugun nan, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka rage gudu zuwa inda motar ta natsu, ka ci gaba da tafiya har tayar ta ɗumama. In kuwa bugun ƙaruwa yake maimakon raguwa, ko motar tana ja gefe ɗaya, ka tsaya ka sauka ka duba.